Wa Zai Biya Kuɗin Magani?

Zuwa ga Edita. Ga ni kuma a filin da ka saba ba ni. Yau maganata da malamai ce da 'yan'uwana akawuna, bisa wani al'amari da masana suka daɗe suna bincike a kansa, watau yadda kowa zai sami magani ba tare da ya sayar da abin hannunsa ba.

Abin da ya ta da zancen shi ne, da damina ƙanena, manomi, ya kai matarsa asibiti, sai da ya sayar da sansa na huɗa kafin a taɓa ta. Ni kuwa da yake ina cin albashi, katin inshora kurum nake miƙawa. Ga shi uwa ɗaya uba ɗaya muke.

A dā masana sun ɗauka biya a bakin ƙofa shi zai raya asibiti. Cikin 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, suka yarda majiyyaci ya riƙa biyan kuɗin magani, a juya kuɗin a sayo wani. Da aka zo ƙidayar masu zuwa, sai aka ga talaka ya koma gida yana jiƙa sassaƙe. Uganda ta soke biyan cikin 2001, nan da nan jama'a suka yi ta tururuwa. Ashe ba cuta ce ta ragu ba, kuɗin ne babu.

Daga nan hankalin masu bincike ya koma ga asusun da kowa zai zuba kafin ciwo ya zo. Nan ma suka tarar in an bar wa mutum zaɓi, mai lafiya ba ya zubawa, sai wanda ciwo ya riga ya kama, asusu kuwa ya karye. Saboda haka Tailan ta ɗora nata shirin na 2002 bisa haraji, Gana kuma cikin 2003 ta sa biyu da rabi cikin ɗari a kan kayan saye.

Amma kada mu yi garajen murna. Maƙwabtanmu na Nijar sun yafe wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani cikin 2006, masu bincike suka bi sawu, suka iske gwamnati tana jinkirin biyan asibitoci har magani ya ƙare.

Mu nan Nijeriya an buɗe shirin inshora cikin 2005, galibi ma'aikatan gwamnatin tarayya suka amfana. Dokar 2022 ta wajabta shi a kan kowa, alhali fiye da naira 70 cikin 100 da ake kashewa wajen neman lafiya daga aljihun mutane take fita. Akawu dai a albashinsa za a yanka. Manomi fa, wanda kuɗi ba ya shiga hannunsa sai da kaka, wa zai zuba masa?

Ina roƙon malaman ƙauyuka su rubuto mana ko akwai manomin da ya sami kati a garinsu, da wanda ya biya masa.

Naku,
Wani Akawu