Daga Bawku zuwa Tamale: gano inda sigina ke fitowa ba ya rasa kuskure

A watan Fabrairun 2024 hukumar sadarwa ta Ghana, NCA, ta rufe gidajen rediyo huɗu a Bawku, ciki har da Gumah FM, bisa zargin cewa kalaman da ake yaɗawa suna rura wutar rikicin sarautar garin. Nemo su bai yi wuya ba, tunda kowannensu yana da lasisi da adireshi da dogon ƙarfen eriya. Mai wuyar samu shi ne wanda ke magana ta wayar salula ko rediyon oba-oba daga cikin daji, kuma shi jami'an tsaron arewacin Ghana suka fi damuwa da shi tun da ta'addanci ya matso kusa da iyakar Burkina Faso.

Hanyoyin binciken ba su da yawa. Ko dai a auna ɓangaren da siginar ta fito daga wurare biyu ko uku a ga inda layukan suka haɗu, ko a kwatanta lokacin da ta isa kowace na'ura, ko a kimanta nisa daga ƙarfinta. Igiyar rediyo tana cin mita 300 a cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, saboda haka ɗan saɓanin agogo kaɗan ya isa ya kai mai bincike wata unguwa dabam.

Kimanta nisa daga ƙarfin sigina ya fi rauni, domin ya dogara da lissafin yadda sigina ke raguwa a hanya. Ɗaya daga cikin lissafan da aka fi amfani da su, na Okumura da Hata, ya samo asali ne daga awon da aka yi a Tokyo a shekarun 1960, aka kuma mayar da shi ƙa'ida a 1980. Tamale kuwa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, mai gajerun gidaje da rufin kwano da ke mayar da sigina ta ko'ina. Danshin iska ma yana sauyawa ƙwarai tsakanin damina da hunturu, kuma hakan yana shafar tafiyar igiyar. Ga jami'ar UDS a garin tun 1992, ga jami'ar fasaha ta Tamale. A ganina awon da ɗalibansu za su yi a Aboabo da hanyar Bolgatanga ya fi lissafin aro amfani.

Abin da ya shafi mutanen zango ke nan. A ƙauye, inda turakun sadarwa ke nesa da juna, "wurin" da aka ce waya take na iya zama faɗin kilomitoci da dama. A iyakar Paga waya na iya kama turken Burkina alhali mai ita bai ƙetare ba. Ɗan kasuwar shanu ko na albasa da ke yawan zirga-zirga, wanda dama ake yi wa kallon baƙo, shi zai fara shan tambayoyi.

Akwai kuma batun wa ke da iznin dubawa. A 2020 gwamnatin Ghana ta umarci kamfanonin waya su miƙa bayanan masu layi da sunan yaƙi da korona, sai wata babbar kotu a Accra ta yanke hukunci a 2021 cewa hakan ya keta haƙƙin sirri. A Najeriya, duk da haɗa layukan waya da lambar NIN da aka fara a ƙarshen 2020, hukumomi sun katse sabis baki ɗaya a Zamfara a Satumbar 2021, suka bar manoma da 'yan kasuwa ba hanyar kiran kowa.