Wa Ya Sa Shaiɗan a Cikin Faifai?

Tun shekarun 1960 ake da wasu masu sauraron kiɗa a Amurka da Ingila waɗanda jin waƙa ta gaba ba ya isarsu. Sai su ɗora faifan garmaho, su sa yatsa su juya shi baya, su kasa kunne suna neman saƙon da aka binne. Wanda ya yi zaton ya samo wani abu sai ya naɗe shi a kaset ya aika wa abokinsa, shi ma ya aiko masa da nasa. Ni ban ga laifin wannan wasa ba. Faɗana da waɗanda suka mai da shi hujjar tuhumar mutane ne.

Gaskiya ne akwai mawaƙan da suka yi abin da gangan. Ƙungiyar Beatles ta sa murya juyayya a waƙarta "Rain" a 1966, don daɗin sautin kawai. Pink Floyd kuwa, a kundinsu The Wall na 1979, sun ɓoye wata magana da ke taya wanda ya gano ta murna, tsokana ce tsantsa. Irin wannan ba ya buƙatar mai fassara: ka juya, ka ji kalmomi tas.

Sauran fa? A 1969 jita-jita ta bazu cewa Paul McCartney ya mutu, wai abokansa sun ɓoye labarin a cikin waƙoƙinsu. Mutumin ya ci gaba da fitar da waƙoƙi shekaru hamsin bayan nan. A farkon shekarun 1980 wasu masu wa'azi a Amurka suka taso wa "Stairway to Heaven" ta Led Zeppelin, suka ce idan an juya ta yabon Shaiɗan ake ji. Abin ya kai har majalisar dokokin jihar Kalifoniya a 1982, inda aka kunna wa 'yan majalisa waƙa a juye.

Ku lura da yadda ake gudanar da gwajin. Mai wa'azi ba ya kunna kaset ya yi shiru. Sai ya fara faɗa maka jimlar da za ka ji, sannan ya kunna. Kafin ya faɗa, gurnani kawai kake ji. Bayan ya faɗa, ka rantse da ita. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Kanada, Vokey da Read, sun gwada wannan a 1985. Suka tarar mutane ba sa fahimtar ma'anar magana juyayya, amma da zarar an gaya musu abin da za su nema, sai su ji shi. To wa ya rubuta saƙon, mawaƙin ko mai kaset? Ni dai na ce mai kaset ne.

Inda abin ya fi ƙona mini rai shi ne shari'ar Judas Priest. A Disambar 1985 wasu samari biyu a jihar Nebada suka harbe kansu. Ɗaya ya mutu nan take, ɗayan ya rayu shekara uku da mummunan rauni. Iyayensu suka kai ƙungiyar kotu, suna cewa akwai umarni ɓoyayye a kundinta Stained Class. A 1990 aka yi makonni ana sauraron sauti ta gaba da ta baya, alƙali ya kori ƙarar. Ban zargi iyayen ba, wanda ya binne ɗansa dole ya nemi dalili. Amma shaidar da aka gabatar ta nuna yaran sun daɗe cikin shaye-shaye da rikicin gida da na makaranta. An bar jaki ana dukan taiki, kuma lauyoyi da "ƙwararrun" sauti suka ci kasuwarsu.

Za a ce ai ruwa ba ya tsami banza, wasu mawaƙan da bakinsu suke ambaton Shaiɗan. Haka ne. To a kama su da abin da suka faɗa ta gaba, tunda yana nan rubuce a bangon kundin, kowa na iya karantawa ya yi musu hukunci. Yanzu da kowace waya ke iya juya murya cikin daƙiƙa guda, duk wanda ya turo mini guntun sauti da rubutu a ƙasa yana gaya mini abin da zan ji, nakan roƙe shi ya goge rubutun, ya tura wa mutum goma, mu ga ko biyu daga cikinsu za su faɗi jimla ɗaya.