Dokar Hana Cin Zali: Wa Zai Saurari Uban Yaron Kuchi?

'Yan uwa marubuta, a watan Afrilun 2024 wani bidiyo ya karaɗe ƙasar nan: ɗalibai na sharara wa 'yar uwarsu mari a wata makarantar kuɗi ta Abuja. Kafin ka ce kwabo minista ta isa wurin, aka rufe makarantar na kwana uku. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fito da manufar hana cin zali a makarantu, ana kuma ta kiran a mayar da ita doka mai hukunci.

Madalla. Amma yaron da siniya ya sa tsallen kwaɗo da tsakar rana a makarantar kwana a ƙasar Tambuwal ko Kebbe, ya kwashe masa gari da ƙuli-ƙulin da uwarsa ta ƙulle masa, wa ya ɗauke shi bidiyo? Ba kowa. Wace minista za ta zo dominsa?

Ba doka muka rasa ba. Tun Nuwamban 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu kan Dokar Kare Yara ta Jihar Sakkwato. Ka shiga Dogon Daji ko Sanyinna ka tambayi iyaye abin da ta ƙunsa, ka ji amsar da za ka samu. Dokar da uba bai san da ita ba, takarda ce a aljihun tebur.

Kuma a faɗi gaskiya, mu iyaye da yayye muna da laifi. Yaro ya dawo hutu da tabon bulala a baya, ya kawo ƙara, sai a ce masa: "Mu ma haka aka yi mana, ka jure ka zama namiji." Shi ke nan ya kama bakinsa, yana jiran ranar da zai shiga ajin ƙarshe ya huce kan na ƙasa da shi. Wani kuma ba ya jira, sai ya ƙi komawa makarantar gaba ɗaya, a yankin da tun farko da lallashi ake kai yara boko.

Don haka duk dokar da za a kawo, a Abuja ko a majalisar jiha, ta tanadi abu uku. Na ɗaya, duka ya fita daga hannun ɗalibi, ko da firefet ne. Na biyu, a tilasta wa shugaban makaranta ya sanar da iyayen yaran biyu, wanda aka zalunta da wanda ya yi zaluncin, ta hanyar da saƙo zai riske su: hakimi, mai unguwa, rediyo, da Hausa da Fulatanci. Manomin Kuchi ba ya cikin zauren WhatsApp na iyayen yara. Na uku, taron iyaye da malamai ya daina zama zaman karɓar kuɗi kawai, a ba iyaye mata kujera, don su ne yaro ke faɗa wa damuwarsa.

Mu kuma masu alƙalami, mu daina ƙawata mugun siniya a labaranmu, muna mayar da shi gwarzon da 'yan mata ke rububi. Ka rubuta labarin ƙaramin da ke kwana da yunwa a hostel. Ki rubuta na yarinyar da ke wanke kayan siniyoyi har asuba. Sannan mu aika wa wakilinmu na mazaɓar Kebbe da Tambuwal buɗaɗɗiyar wasiƙa kan waɗannan abubuwa uku. Wa zai fara ɗaukar biro a wannan makon?