Mu Auna Jininmu da Mudunmu

Kwanakin baya wani ɗalibina ya zo mini da takardar gwajin jini, hankalinsa a tashe. An ja layi a ƙarƙashin adadin fararen ƙwayoyin jininsa, wai sun yi ƙasa, alhali kuwa yaron lafiyarsa lau. Tambayar da na yi masa ita zan yi muku, ya ku ɗalibai da malamai: da mudun wa aka auna shi?

Fararen ƙwayoyin jini su ne dakarun garkuwar jiki. A shekarar 1882 wani masani ɗan ƙasar Rasha, Ilya Mechnikov, ya soka ƙaya a jikin ɗan tayin wata halittar teku mai siffar tauraro, ya ga wasu ƙwayoyi sun yi wa ƙayar taron dangi. Daga nan aka fahimci cewa jiki yana da masu haɗiye ƙwayoyin cuta. Mafi yawa a cikin dakarun nan su ne waɗanda ake kira nutrofil. Littattafan likitanci sun daɗe suna cewa idan suka gaza 1,500 a cikin maikurolita ɗaya na jini, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita, to, akwai matsala. Amma galibi daga jinin Turawa aka fitar da wannan ma'auni.

Ga inda gizo ke saƙa. Akwai wata alama da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jini, wadda mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da ita. A 1976 Louis Miller da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa rashinta yana tsare mutum daga nau'in zazzaɓin cizon sauro na Plasmodium vivax, ko da yake ba ya tsare mu daga falciparum da ya addabe mu. Sai a 2008 da 2009 bincike ya gano cewa wannan gadon shi ne kuma ke sa nutrofil su yi ƙaranci a jinin da ake ɗiba, ba tare da mutum ya fi kowa kamuwa da cuta ba.

Kada a ɗauki wannan abin wasa. Saboda ma'aunin aro, ana iya jinkirta wa mai ciwon daji maganinsa, ko a huda ƙashin lafiyayye don neman cuta a ɓargo, ko a cire shi daga gwajin sabon magani. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Wani zai ce ƙarancin fararen ƙwayoyi kan zama alamar cuta ta gaske. Haka ne, shi ya sa na tura ɗalibin nan wurin likita. Sai dai likitan ma ba zai bambance mai lafiya da marar lafiya ba, sai ya san yadda jinin lafiyayyun mutanensa yake.

Ra'ayina shi ne, wajibi ne jami'o'inmu su auna jinin dubban lafiyayyu, maza da mata, yara da manya, su kafa ma'aunin da ya dace da mu. Malamai kuma, ku roƙi aron madubin likita ko da na yini ɗaya ne, ku nuna wa yara waɗannan ƙwayoyi ido da ido. Daga cikin yaran nan za a sami masu wannan aiki.