Kwalekwalen Talaka a Madatsar Challawa

Attajirin Turai yakan tare cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska domin nishaɗi kawai. Masuncin Karaye da Rogo kuwa, kwalekwalensa shi ne gonarsa, tun da aka kammala madatsar Challawa a 1992 ruwa ya cinye fadamun iyayensa. Da tsumma da kwalta yake toshe ɓarakar katako, yana kwarfar ruwa da gwangwani. Shin mahukunta sun manta da Bagwai, inda kwalekwale ya kife da ɗaliban Islamiyya a 2021? Zuwa ta'aziyya ba ya liƙe jirgi! A kafa wa masunta wurin gyaran jirage a Karaye, a raba musu rigunan kariya, a kuma hukunta duk mai lodin da ya wuce kima.