ZAUREN 'YANMATA: Wa Kika Ba Wa Kwatancenki?

Wasiƙunku na wannan wata sun iso, kuma na lura yawancinsu abu guda suke kewayawa, wato wannan abin da kuke kira lokeshan a waya. Wata tana tambaya ko da gaske ne ana iya sanin inda take ta hanyar wayarta, wata kuma mai sana'ar turaren wuta tana son sanin yadda za ta riƙa tura wa masu saye kwatance. To ku gyara zama, yau a kansa za mu tattauna.

Mu da muka taso kafin zuwan wayar hannu mun san darajar kwatance. Saurayi in yana son zuwa zance sai ya sha tambaya, a ce masa in ka wuce masallacin Juma'a ka sha kwana ta wajen mai shayi, gida na uku mai darbejiya a ƙofa, in ka ɓata ka tambayi yara. Kafin ya iso ya aika yaro ya ce wai ana sallama da wance, mai shayi ya gan shi, dattawan dakali sun gan shi, rabin unguwa ta san fuskarsa. Wannan wahalar da yake sha kariya ce gare mu, domin mai mugun nufi ba ya son idon jama'a. Wayar hannu ta shigo Nijeriya sosai a shekarar 2001, lokacin da kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki, Glo ya biyo baya a 2003, ga shi yau mun kai inda yarinya za ta danna waya sau biyu, mutumin da ba ta taɓa gani ba ya iso ƙofar gidansu ba tare da ya tambayi kowa ba.

Bari in fara da yadda abin yake aiki, don na ji wasu na cewa wai tauraron ɗan adam ne ke leƙen mutane daga sama. Ba haka ba ne. Tsarin da ake kira GPS sojojin Amurka ne suka ƙirƙiro shi, ya kammala a 1995 da taurarin ɗan adam 24 masu kewaya duniya a nisan kilomita kusan 20,200 daga ƙasa. Kowannensu yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, kuma ba ya fasa aiko da saƙo yana faɗin inda yake da lokacin da ya aiko. Wayarki tana sauraro, ta auna tsawon lokacin da saƙon kowanne ya ɗauka kafin ya iso gare ta, in ta samu guda 4 sai ta yi lissafi ta gano inda take. A da Amurka kan gurɓata saƙon da gangan ga farar hula, sai a watan Mayu na 2000 ta daina, shi ya sa yanzu in kina fili waya kan gano wurinki da kuskuren 'yan mitoci kawai. Rasha da Turai da Sin ma kowa yana da irin nasa, wayoyin yanzu kuma kan saurari fiye da ɗaya.

Kin ga ke nan tauraron bai san ki ba, shi shela kawai yake yi kamar sankira, wayarki ce ta san inda kike. Mai kai tsegumin kuwa su ne manhajojin da kika zuba a cikinta kika ce musu na yarda. Sannan akwai hanya ta biyu: ko ƙaramar waya mai tocila ce a hannunki, dole ta riƙa magana da ƙarfen sabis mafi kusa, don haka kamfanin layinki ya san yankin da kike. Tun watan Disamba na 2020 kuma gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN ta mai shi. Saboda haka ƙanwata, kada ki kuskura ki yi wa saurayi ko ƙawa rajistar layi da sunanki, duk inda layin ya je ya yi ɓarna, ke za a nema.

Ba na cikin masu cewa a jefar da waya, don amfaninta ba ya ƙirguwa. Ɗaliba ce za ta koma makaranta Zariya ko Katsina, ko kin dawo daga biki magariba ta yi miki a cikin A Daidaita Sahu, tun 2017 WhatsApp ya ba ki damar tura wa wani wurinki yana bin tafiyarki a taswira, na minti 15 ko awa 1 ko awa 8. Ki tura wa Umma ko Yaya, ki kuma bari direba ya ji kina cewa ga shi na turo miki, ina hanya. Waɗanda ke Abuja da Legas masu hawa motocin Uber ko Bolt, da wannan dabarar direba ke samun su, kuma akwai wurin raba tafiyar da wani na gida, ku riƙa amfani da shi, ku kuma duba lambar motar ta dace da ta cikin waya kafin ku shiga.

Ta fuskar sana'a ma abin sai godiya. Yau yarinya tana ɗakin mahaifiyarta za ta saro atamfa da leshi a Kantin Kwari, ko ta haɗa humra da turaren wuta, ko ta gasa kek, ta ɗora a sitatus, mai saye ya turo kuɗi, mai babur ya kai kaya har gida ta bin taswira. Yawancin lungunanmu ba su da suna balle lambar gida, shi ya sa ɗigon nan na taswira ya zama adireshin talaka. A Ghana ma, inda 'yan uwanmu Hausawa suke a zangonni, gwamnati ta ɗauki abin da muhimmanci, a 2017 ta fito da GhanaPostGPS, wanda ya yanka ƙasar gida-gida mita 5 sau 5, kowane gurbi da lambarsa.

Sai dai ke mai sana'a ki riƙe abu uku. Na farko, akwai bambanci tsakanin tura wurin da kike sau ɗaya da tura wanda ke bin ki duk inda kika yi, mai saye ba ya buƙatar na biyun ko kaɗan. Na biyu, baƙon da ba ki sani ba ba ya buƙatar ƙofar gidanku, ki zaɓi wuri na jama'a a taswirar, gidan mai ko shagon bakin titi, ki aiki ƙaninki da kayan. Na uku, in ke ce za ki kai kaya kuma aka turo miki wurin da ke bayan gari ko unguwar da ba ki sani ba, ki ba mai babur ya kai, ribar turmi ɗaya ba ta kai ranki ba. Ba duk mai cewa Hajiya nawa ne wannan ba ne mai saye, wani kwatance ya zo nema.

Yanzu ga wasiƙar da ta fi tsaya mini a rai. Wata ɗalibar aji 6 ta rubuto cewa wanda ke neman ta ya saya mata babbar waya, shi ya buɗe mata komai da hannunsa, tun daga ranar kuwa in ta je gidan ƙawarta sai ya kira ya ce me kike yi a can, in ta tsaya a kasuwa ya ce uban wa kika tsaya gani. Ta ce ƙawayenta sun ce ai so ne ya kawo kishi. 'Yata, babu aljani a nan, babu duba. Mai yiwuwa da adireshinsa na Google ya buɗe wayar, ko ya kunna raba wuri a taswira ya bar shi babu ranar ƙarewa, duk inda kika taka yana kallo. Mutumin da ko sadaki bai biya ba ya sa miki takunkumi, ranar da aka kai ki gidansa me kike tsammani? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mai son ki da gaskiya tambayar ki zai yi ya kuma yarda da amsarki. Shawarata, ki sanar da Umma ko wata yayarki, a goge wayar a buɗe ta da naki adireshin da lambar sirrin da ke kaɗai kika sani, in ya ce bai yarda ba a mayar masa da kayarsa. Kada ki tunkare shi ke kaɗai in kin san mai zafin rai ne.

Wani lokacin kuma ba wanda ya sa miki tarko, ke ce kika buɗe ƙofa. Snapchat yana da taswirar da ya fito da ita a 2017, in kika kunna ta, waɗanda kika amince da su a ciki za su ga inda kike, ciki har da wanda kika karɓa don kawai ya yaba hotonki. Akwai wurin ɓuya a cikinta, ki kunna shi. Hoton da kika ɗauka ma kan ajiye wurin da aka ɗauke shi a ɓoye in kyamararki na da izini, kuma in kika tura shi a matsayin fayil bayanin na iya tafiya tare da shi. Ko babu wannan, bajon makaranta a hijabinki da kalar get ɗin gidanku sun isa kwatance. Kada ki ce wa zai damu da ni. A watan Janairu na 2018 wata manhajar masu motsa jiki mai suna Strava ta tona wuraren sansanonin sojojin Amurka a ƙasashen waje, saboda sojojin na gudun safe da na'urorinsu a kunne. In sojoji sun yi sake haka ta faru da su, ina ga ni da ke?

Haka nan manhajojin ba da bashi, waɗanda suka riƙa kwashe lambobin mutane suna aika wa dangi saƙon cin mutunci, har sai da hukumar kare masu saye ta tarayya ta far musu a 2022, Google kuma a 2023 ya hana irinsu taɓa lambobi da hotuna da ainihin wurin da mutum yake. A shekarar ce kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya. Doka tana nan, amma rigakafi ya fi magani.

To yau da daddare in kin gama aiki, ki shiga saitin wayarki ki duba waɗanne manhajoji ne ke da izinin sanin wurinki. Taswira da motar haya suna da dalili, su ma ki ba su na lokacin da kike amfani da su kawai. Tocila da wasa da mai gyaran hoto kuwa, me ya haɗa su da unguwarku? Ki cire. Ki duba taswirar Google da WhatsApp ki ga ko akwai wanda kike raba wa wuri ba da saninki ba, kada kuma ki tura irin mai bin tafiya a cikin guruf, don kowa na ciki zai gani. Ki danna *#06# ki kwafe lambar IMEI mai lamba 15 a littafi, ki kunna tsarin nemo waya. In an ƙwace miki ita, Allah ya kiyaye, ko kin ga inda take a taswira kada ki bi, kada ki tura yayanki, ki kai bayanin ga 'yan sanda ki kuma rufe layin da asusun bankinki nan take. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ki haddace ta.

Iyaye mata da ke leƙa wannan shafi, ku ma in za ku bi sawun 'ya'yanku ta waya ku gaya musu a fili, ku yi shi da yardar juna, domin yarinyar da ta gano ana bibiyar ta a ɓoye sai ta koyi barin waya a gidan ƙawa ta tafi inda ta ga dama.

A nan zan dakata. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu za mu duba batun masu turo saƙon ƙarya na shigar kuɗi ga masu sana'a. Ku gaida su Umma.

Taku har kullum,
Antinku