A Kawo Allurar Ƙeya Zuru, Amma a Bar Ta a Hannun Likita

A hutun da ya wuce na iske wata goggona a Dabai, kusa da Zuru, ta ɗaure kai tamau da kallabi, ƙeyarta duk tabon ƙaho. Shekara uku ke nan tana fama da ciwon kai na ɓari guda, wanda kan taso daga wuya, ya bi ta bayan kunne, ya sauka a ido. Da zarar ta juya wuya da sauri, ko ta sauke damin itace daga kan gammo, sai ya motsa. Wannan ya ce hawan jini ne, wancan ya ce iska, 'yan kemis kuwa suka yi ta ɗura mata ƙwayoyi.

Wanzamin da ya kafa mata ƙaho ya fi su kusa da gaskiya, ko da yake bai san dalili ba. Ƙashin wuya gaɓa 7 gare shi, kuma jijiyoyin da ke fitowa daga gaɓoɓi uku na sama suna haɗuwa a cikin laka da babbar jijiyar da ke ɗauko ji daga fuska da goshi. Saboda haka in wuya ya samu lahani, sai mutum ya ji zafin a kai. Wani likitan ƙasar Norwe, Ottar Sjaastad, shi da abokan aikinsa suka raɗa wa irin wannan ciwo sunansa na kansa a 1983.

Daga cikin hanyoyin maganinsa akwai allurar da nake magana a kai. Likita kan laluba wurin da jijiyar ƙeya ke ratsawa a gindin ƙoƙon kai, ya zuba ɗan maganin kashe zafi irin su lidoken, wanda ake amfani da shi kullum wajen ɗinkin rauni. In zafin ya kwanta, to an sami alamar inda ɓarawon yake. A ganina wannan shi ne babban amfaninta, domin sauƙin da take kawowa ba ya ɗorewa: wani ya yi sa'o'i, wani makonni, wani ma ba ta yi masa kome. A 2002 Gwendolen Jull da abokan aikinta a Ostireliya sun yi gwaji da mutum 200, suka ga motsa wuya bisa ƙa'ida da gyaran gaɓoɓinsa a hannun gwani na rage ciwon ƙwarai. Allura dai ta ba mai ciwo sararin fara wannan ne.

To, me ya sa sai manomiya ta sayar da akuya ta hau mota zuwa Sakkwato ko Birnin Kebbi a kan aikin da bai fi minti goma ba? Maganin ba tsada gare shi ba. Abin da ake bukata horo ne ga likitocin asibitocin gwamnati na ƙasar Zuru, da mai koyar da motsa gaɓoɓi ko da guda ɗaya ne.

Sai dai ina da tsoro, 'yan'uwa. Mun san yadda mutanenmu ke son allura. In ba a tsira musu ba, gani suke ba a yi magani ba. Ran da labarin wannan ya isa kasuwa, yaron kemis zai ce shi ma ya iya, alhali kuwa jijiyar jini na kwance dab da wurin, kuma in maganin ya shiga cikinta yana iya jawo farfaɗiya nan take. Haka kuma ba kowane ciwon kai da sanƙarewar wuya ne na allura ba. In da zazzaɓi, mu da muka san sanƙarau lokacin bazara mun san asibiti za a nufa da gudu.

Ku da za ku zauna a ofisoshin Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi, ku sa horon nan cikin kasafi. Kafin nan, ku gaya wa na gida cewa shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, wata bayan wata, shi kansa yana haddasa wani ciwon kan. Goggona ta kan sha kullum safe da yamma.